Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Sayi Tsohuwar Mota Ta Hannu

Duk wanda ya zo mini da shawarar sayen tsohuwar mota, da tambaya biyu yake buɗe baki: 'yar wace shekara ce, kuma kilomita nawa ta ci. Ba laifi ba ne a tambaya. Sai dai amsoshin biyu ba su cika faɗin abin da mai saye yake son ji ba, wato ko motar za ta kai shi ta dawo da shi ba tare da ta zaunar da shi a bakin hanya ba. Abin da ke faɗin wannan shi ne irin riƙon da aka yi mata, kuma riƙo yana barin shaida a jikin ƙarfe, ko mai sayarwa ya so ko bai so ba. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi maimaita mini. Wasu amsoshin a wurin makanikai na ji su, wasu kuwa da aljihuna na saye su.

Motar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin, akwai sauran mora a jikinta?

Akwai, in ta faɗa hannu nagari. Motoci biyu za su fito daga kamfani ɗaya a rana ɗaya, bayan shekara 15 ka tarar ɗaya tana tafiya sumul, ɗayar kuma an ɗora ta a kan duwatsu. Ba sa'a ce ta raba su ba. Ɗaya an riƙa juye mata baƙin mai a kan lokaci, ana gyara ƙaramar matsala tun tana ƙarama, ɗayar kuwa sai ta tsaya cak ake tunawa da gareji.

Tsufan mota iri biyu ne. Akwai na tafiya, wanda ke cin inji da giya da boris da birki. Akwai kuma na shekaru, wanda ba ruwansa da tafiya: roba ta bushe ta tsage, tiyon ruwa ya yi tauri, bawon wayoyi ya fara ɓarewa, filastik ya riƙa karyewa da an taɓa shi. Shi ya sa motar da aka ce "ajiye take, ba a hawanta" ba kullum ce abin murna ba. Dogon zama yana busar da robobin da ke riƙe mai, yana sa birki ya kama, fetur ya lalace a tanki. Na fi natsuwa da motar da ake hawa kullum ana kula da ita a kan wadda ta shekara uku a lulluɓe.

Kilomita nawa ne za a ce sun yi yawa?

Babu wata lamba da za a ce daga ita mota ta mutu. Kilomita 250,000 na doguwar hanya sun fi sauƙi a kan inji a kan 120,000 na cunkoso, inda ake tashi ana tsayawa, injin bai gama ɗumi ba an kashe shi. Ka fara duba ko agogon mil yake ƙirgawa ko kilomita, don motocin Amurka da Birtaniya da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mil 150,000 ya haura kilomita 240,000.

Babbar matsalar ma ita ce ko lambar gaskiya ce. Agogon zamani mai lambobin lantarki ana mayar da shi baya da kwamfuta cikin ɗan lokaci, babu ko ƙwarzane. Don haka jikin motar za ka tambaya. Dubi robar birki da ta kuloci, dubi sitiyari inda hannu ke kamawa, kan giya, gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita. Idan agogo ya ce 70,000 amma sitiyari ya yi santsi, robar birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo, to ɗayansu yana ƙarya, kuma roba ba ta iya ƙarya ba. Sabuwar robar birki fil a tsohuwar mota ita ma abin tambaya ce. Leƙa jikin ƙofa, ƙarƙashin bonet da kusurwar gilashin gaba, sau da yawa akan manta da 'yar takardar da gareji ya manna mai ɗauke da kwanan wata da kilomitan juyen mai.

Me ya kamata in yi tun kafin in je ganin motar?

Ka san cutar gidansu. Kowane samfuri yana da inda yake ciwo, kuma sunan kamfani kaɗai ba ya wanke mota. Toyota Camry mai injin lita 2.4 ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Honda Accord mai silinda shida da Odyssey na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sun sha kuka a kan giyar otomatik. Nissan sai da ta tsawaita garantin giyar CVT, wato otomatik marar hawa-hawa, ta motocinta na 2003 zuwa 2010 a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 mai giyar PowerShift har kotu ta kai kamfanin. Ba ina nufin duk ɗaya daga cikin waɗannan mushe ce ba. Nufina, in ka san samfurin da shekarar da irin injin, ka san inda za ka fara kai hannu.

Sannan ka tambayi makanikai biyu ko uku: kayan gyaranta suna samuwa? Akwai wanda ya iya ta kusa da kai? Mota mai aminci da za ta yi wata biyu tana jiran ƙarfe ɗaya ba ta amfane ka ba.

Mene ne lambar shasi, kuma me zan yi da ita?

Ita ce sunan yankan mota, ana kiranta VIN. Tun daga 1981 haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, a jikin ginshiƙin ƙofa, sau da yawa kuma a buge a jikin ƙarfen motar. Dole duka su zo ɗaya da abin da ke takarda. Idan ka ga alamar an kankare, an yi walda a kewayen wurin, ko ƙusoshin farantin sababbi ne, ka yi sallama ka tafi.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma yana faɗin shekara: Y ita ce 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010. Wannan yana kama wanda ya sauya wa mota fitilu da bamba don ta yi kama da ta baya-bayan nan. Idan motar ta taɓa zama a Amurka ko Kanada, kamfanonin Carfax da AutoCheck suna ba da tarihinta da wannan lamba, har da haɗari da kilomitan da aka rubuta a baya. A Birtaniya tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, yana intanet kyauta ga wanda ya san lambar motar ta can. Ka tuna dai, rahoto abin da aka kai rahotonsa kawai ya sani. Haɗarin da aka gyara a ɓoye ba zai fito ba.

Me ya sa ake nacewa a ga mota da sanyinta?

Saboda inji mai zafi ya iya rufa wa kansa asiri. Wannan darasin da kuɗina na koye shi. Na taɓa zuwa ganin wata mota, na tarar an riga an tayar da ita tana ta aiki a tsaye. Mai ita ya ce mini, "Ranka ya daɗe, na ɗumama maka ita ne don kada in ɓata maka lokaci." Har godiya na yi masa. Washegari da asuba, a ƙofar gidana, na murɗa makulli sai ga ƙwanƙwasa daga cikin inji kamar ana buga ƙofa, ga shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayan motar. Da aka juye man, sai ga shi da kauri fiye da wanda aka tsara wa injin, an zuba shi ne don ya danne ƙarar.

Don haka ka yi alkawari da mai motar cewa kada a tayar da ita sai ka zo, gara ma da sassafe. Da isarka ka buɗe bonet ka kai bayan hannu kusa da inji. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Idan ta yi sanyi, ka bar wani ya murɗa makulli, kai kuma ka tsaya a waje, kunne a inji, ido a salansa. Lafiyayyen inji yana kamawa nan take, ya ɗan ɗaga murya, sannan ya sauka ya daidaita. Abin da kake saurare: jan sitata mai tsawo kafin ta kama, ƙarar sarƙa na 'yan daƙiƙu a farkon tashi, ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa wadda ke ƙaruwa in an taka totur, da karkarwa kamar silinda ɗaya ba ya aiki. Ƙas-ƙas ɗin sama mai sauƙi wani lokaci na bawul ne, ana iya zama da shi. Bugun ƙasa mai nauyi kuwa maganar sauke inji ce.

Fitilar mai ma ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ta daɗe tana ci, ko ta riƙa ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi yana tsaye, mai ba ya kaiwa inda ya kamata da ƙarfinsa.

Launin hayaƙi fa?

Shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. In a farkon tashi ne kawai sannan ya ɗauke, yawanci robobin bawul ne. In kuwa yana fita duk sanda aka taka totur, zargi ya koma kan ringin fistin. Baƙi, fetur ko dizal ɗin da ke shiga ya yi wa iska yawa, kuma sau da yawa gyaransa bai kai na shuɗi ba. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, kuma shi ne mafi muni. Ɗan tururin safiya mai bajewa nan da nan ba komai ba ne.

Idan na buɗe bonet, ina zan kai ido? Ni ban san inji ba.

Ba sai ka san inji ba. Zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomin biyu. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a injin dizal. Abin tsoro shi ne mai mai launin madara, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Buɗe murfin da ake zuba mai ka haska ciki da tocila: ƙarfe mai ruwan zuma alamar kulawa ce, baƙin dasƙararren datti kamar kwalta kuwa yana nufin an daɗe ana tsallake juyen mai. Wannan leƙen na daƙiƙa goma ya fi mini duk rantsuwar mai sayarwa.

Sai ruwan lagireto, kuma da sanyi kaɗai ake buɗe murfinsa, in ba haka ba tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska. Ya kamata ka ga ruwa mai launi, kore ko ja ko shuɗi, garau. Ruwan tsatsa yana nufin an daɗe ana zuba ruwa zalla. Mai yana yawo a kai, ko kumfa tana ta tasowa bayan an tayar da inji, alamar gasket ɗin kan inji ya ƙone, kuma gasket ba ya cika ƙonewa sai inji ya taɓa tafasa. Tambayi ko an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji. Wasu suna cire shi don ɓoye zafi, ba don sun magance abin da ke kawo zafin ba.

Da inji yana aiki, a ɗaga murfin mai a hankali. Ɗan iska ba komai, amma in yana busa hayaƙi da ƙarfi, ringi sun gaji.

Injin da aka wanke tas yana sheƙi, ni ba ya burge ni. Na fi son in ga busasshiyar ƙura, don ita ke nuna inda mai ke tsattsafowa. In an wanke, ka sake dubawa bayan kun dawo daga gwaji, ka leƙa ƙasa inda ta tsaya.

An ce in tambayi maganar bel ɗin tayimin. Me ya sa?

Shi ne ke haɗa juyawar ƙasan inji da buɗewar bawul. Wasu injuna da sarƙa suke, wasu da bel na roba mai haƙora, wanda yawanci ake sauyawa tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a kai kilomitan ba. A injuna da yawa, in ya tsinke ana tafiya, fistin yana dukan bawul, aikin ya koma na buɗe inji. Ba ya gargaɗi, kuma ba a ganinsa daga waje. In babu shaidar ranar da aka sauya shi, ka ɗauka ba a sauya ba, ka sa kuɗinsa da na famfon ruwa a cikin ciniki.

Yaya zan gane lafiyar giya?

A otomatik, taka birki ka sa D, ka dawo N, ka sa R. Ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba tare da duka ba. A hanya ka lura da sauyi: in inji ya yi kuka sama kafin giya ta kama, tana sulɓewa. Wasu giyoyin lafiya lau suke da sanyi, sai sun yi zafi halinsu ke fita, shi ya sa zagayen minti biyar ba ya isa. In akwai sandar awon man giya, man ya zama ja ko ja mai ɗan duhu. Baƙi mai warin ƙuna labari ne marar daɗi. CVT ba ta da hawa-hawa, don haka abin saurare a wurinta shi ne kuka mai tsini, karkarwa wajen tashi, ko mutuwar jiki bayan doguwar tafiya.

A giyar hannu, sa babbar giya kana tafiya a hankali, ka taka totur sosai. In allurar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Kuloci kayan ci ne, ana sauya shi. Giyar da ke gurnani wajen shiga ko take fita da kanta, wannan cikin giyabos ne.

Ta yaya zan san ko ta taɓa yin haɗari?

Da rana za ka duba, kuma a bushe, don dare da ruwan sama suna yi wa fenti kwalliya. Tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefen motar a tsaye, za ka ga inda haske ke karyewa ko launi ya ɗan bambanta. Ratar da ke tsakanin bonet da gefe, ƙofa da ƙofa, but da fitila, ta zama daidai hagu da dama. Ɗaga robar ƙofa da ta gilashi ka nemi feshin fenti. Dubi kawunan ƙusoshin da ke riƙe bonet da ƙofofi, in fentinsu ya ƙwarzane an taɓa kwance su. Ƙaramin maganaɗisu a nannaɗe da ƙyalle ba ya kama inda aka cika da foti, muddin bodin na ƙarfe ne ba alminiyon ba.

Amma a bambanta. Bamba da aka sauya ko ƙofa da aka fesa ba sa hana tsohuwar mota aminci, da wuya ma ka sami mai shekara 15 da ba a taɓa ba. Abin da ke kashe ciniki shi ne ƙashin motar: dogayen ƙarafan da ke riƙe inji, ginshiƙan ƙofa, da ramin safaya a but. In ka ga lanƙwasa, ko waldar hannu a inda ya kamata a ga ɗigo-ɗigon waldar kamfani a jere, ka haƙura. Irin wannan mota ba ta daina cin taya, kuma a haɗari na biyu ba za ta kare ka yadda aka tsara ta ba.

Tsatsa da motar da ruwa ya ci fa?

Motocin da suka zauna inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, kamar Kanada, arewacin Amurka da arewacin Turai, ko a bakin teku, daga ƙasa suke ruɓewa alhali sama tana ƙyalli. Tsatsar fuska ba komai. Wadda ke ɓarewa falle-falle, ko sukudireba ya huda ta, a wurin da ƙafafun mota ke ɗaure ko a bututun birki, ita ce abin gudu. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka tambayi abin da aka rufe.

Motar ambaliya kuwa kyan ɗan maciji gare ta. Guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka, kuma ba duka aka murƙushe ba, wasu an busar an sake sayarwa. Za ta tashi, za ta yi tafiya, sannan wata bayan wata wayoyi su fara ruɓewa, yau gilashi, gobe kwamfuta. Rufe ƙofofi ka shaƙa: warin rima, ko turaren da ya yi yawa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi layin ruwa. Leƙa ƙarƙashin kujera da dashbod ka nemi tsatsa a ƙarfen da ba a fenta ba, ɗaga kafet da safaya ka nemi busasshen taɓo.

Babu fitilar da ke ci a dashbod. Ba shi ke nan ba?

A'a. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji, ta birkin ABS, ta jakar iska mai kare mutum a haɗari, ta mai da ta batir duka su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. In kuma duka suka mutu a daƙiƙa ɗaya kamar an haɗa bakinsu, mai yiwuwa an haɗa wayoyinsu ne.

Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur a Turai tun daga 2001, suna da soket na OBD, na binciken kwamfutar mota, mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. A jona na'ura a karanta. Kada ka tsaya a "babu matsala". Ka ce a duba ko kwamfutar ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta. In da yawa suna nuna ba su kammala ba, an goge ƙorafin kwanan nan ko an cire batir, kuma fitilar na iya dawowa bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu, lokacin kuɗinka sun riga sun tafi.

Gwajin tuƙi, minti nawa ya isa?

Aƙalla rabin sa'a, kuma kai ne a sitiyari, rediyo a kashe. Ka haɗa hanya mai gargada, hawa, cunkoso, da inda za ka kai kilomita 100 a sa'a. A gargada kana sauraren ƙwanƙwasar ƙafafu. A miƙaƙƙiyar hanya ka sassauta riƙo ka ga ko tana ja gefe. Gunjin da ke ƙaruwa da gudu yawanci boris ne. Taka birki da ƙarfi inda babu kowa a bayanka: kada ta karkace, kada feda ta nutse a hankali. Murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama, ƙas-ƙas-ƙas a nan shaf ne. Bayan kun dawo, bar ta tana aiki a tsaye minti goma da na'urar sanyi a kunne, ido a kan allurar zafi, ka tabbatar fanka tana tashi. Motoci da yawa a nan suke tona kansu.

Tayoyi ai sauyawa ake yi, me zai dame ni?

Ana sauyawa, amma suna ba da labari. Cin gefe ɗaya yana nuna saitin ƙafa ya goce ko wani abu ya lanƙwashe. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya huɗu iri huɗu kuwa tana gaya maka yadda mai motar yake kashe mata kuɗi a sauran wuraren da ba ka gani.

Na duba duk wannan. Har yanzu sai na kai wa makanike?

Ƙwarai. Kuma naka, ba wanda mai sayarwa ko dillali ya nuna maka ba. Ka biya shi ladan dubawa ko ka saya ko ba ka saya ba, don kada cinikin ya zama shi ne abincinsa. Ka ce masa, "Maigida, ba yabonta nake so ba, aibinta nake so ka lissafa mini." Shi zai ɗaga ta sama ya ga abin da ba a gani daga tsaye, ya girgiza ƙafafu, ya auna matsin kowane silinda, waɗanda bai kamata su yi wa juna nisa fiye da kamar kashi 10 cikin 100 ba. Ya auna batir: wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji yana aiki. Ya kuma tabbatar ba a fasa tukunyar tace hayaƙi ta salansa an kwashe cikinta ba.

Idan mai motar ya ƙi a kai ta gareji fa?

Ya amsa maka tambayar. Haka wanda ke cewa wani na hanya da kuɗi a hannu, sai ka yanke yanzu. Cinikin biri a sama ke nan, kuma motoci ba su ƙare ba.

Wace matsala ce zan iya haƙuri da ita, wacce ce ta gudu?

Babu tsohuwar motar da za ka samu ba aibi, wanda ke neman haka sai ya sayi sabuwa. Birki, batir, shakazoba, robobin ƙafa, fulogi, boris, ɗan tsattsafin mai daga murfin sama, duk kayan ci ne. Ka lissafa su, ka rage a farashi. Waɗanda ba na tsayawa ciniki a kansu su ne bugun ƙasan inji, ruwa da mai da suka haɗu, giyar otomatik mai sulɓewa, ƙashin da aka yi wa walda, ruɓewar ƙasa, ambaliya, wayoyin da aka yayyanka aka ɗaɗɗaure da salatif, da takardun da ba su zo ɗaya da shasi ba. Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a saye. Watannin farko sai sun nemi wani abu, ko da kuwa juyen mai ne da ruwa da bel don ka san daga inda lissafinka ya fara.

Ga tsohuwar babbar motar alfarma a farashin ƙaramar mota. In ɗauka?

Farashinta ne ya sauko, na kayan gyaranta yana nan inda yake. Ƙafafu masu iska, kujerun lantarki, turbo, kwamfutoci birjik, kowanne abin more rayuwa ne yana sabo, kowanne kuma ƙofar kashe kuɗi ce in ya tsufa. In kana da wata motar hawa kuma kana da makaniken da ya san ta, sha'awa ba laifi ba ce. In ita kaɗai za ka dogara da ita, ka nemi inji marar turbo, marar tarkace da yawa, wanda aka ƙera shi da yawa har kowa ya san cikinsa.

Akwai abin da mutane ke mantawa?

Jakar iska. Da farko ka tabbatar tana nan, don bayan haɗari wasu suna rufe wurin ne kawai ba su mayar da ita ba. Dubi murfin tsakiyar sitiyari da dashbod ta gefen fasinja, ko launinsu ya bambanta ko an manna su da gam. Na biyu, maganar Takata. Jakunkunan wannan kamfani na Japan, waɗanda aka sa a motocin Honda, Toyota, Nissan, Mazda, Ford, BMW da wasu tun daga farkon shekarun 2000, suna da sinadarin da zafi da laima ke lalatawa in an daɗe, har tukunyar da ke hura jakar ta fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba. An yi asarar rayuka, an janye fiye da miliyan 60 a Amurka kaɗai, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Tsofaffin motoci da yawa har yau ba a sauya musu ba. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka da shafukan kamfanonin motar suna nuna ko akwai kiran gyara da ba a yi ba idan ka shigar da lambar shasi, kuma binciken ba ya cin minti biyu.